Abin da Taɓarya Ta Gani

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka na gandun daji, masu ƙafa biyu da masu ƙafa huɗu. Mu nan lafiya lau. Mama ta samu sauƙin gwiwar, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Ta ce in tuna maka cewa ku 'ya'yan wa da ƙani ne, don ta ga alamar ka fi sanin dangin giwaye a kan naka. Yaya kafaɗar? Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce ya ga kana ɗaga kofin shayi da hagu.

Kawu, roƙo na zo yi, kuma ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Ina son ka ara mini dogon gilashin kyamararka mai jawo nesa kusa, wanda kake kira Taɓarya. Wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa yana tafe, kuma ni jaridarmu za ta tura. Gilashin da nake da shi gajere ne. In wasa ya koma wancan gefen fili, sai 'yan wasa su fito mini kamar tururuwa. Edita ya riƙe hotunana na makon jiya da yatsu biyu, ya tambaye ni ko daga saman bene na ɗauka. Maza biyu da muke tebur ɗaya da su suka yi dariya har da buga ƙafa. Ni kaɗai ce mace a bakin fili, kuma na gaji da a ce an bar ni ne don tausayi.

Na ji ka koma amfani da ƙaramin gilashi saboda kafaɗa, Taɓarya tana kwance a akwati. In za ka yarda, ka ba direba ya taho mini da ita. Zan riƙe ta amana.

Uwarka ta birni

*

Uwata,

Na samu takardarki, na ji daɗin labarin gwiwar 'yar'uwata. Ki gaya mata giwaye ba sa yi mini gori, shi ya sa nake zaune da su. Kafaɗa tana nan, da safe sai na lallashe ta kafin ta yarda ta ɗagu. Damina ta fara sauka, hanya ta fara laushi.

Ga Taɓarya nan. Tunda sunan mahaifiyata kika ci, ba ni da bakin hana ki. Na haɗa da sandar da ake ɗora ta a kai, kada ki yi gigin riƙe ta a hannu don nuna ƙarfi, ni da na nuna ga inda na ƙare. Amma ki yi haƙuri ki karanta surutun tsoho kafin ki buɗe akwatin.

A daji ba ni da zaɓi. Ɓauna ba za ta bari ka matso ka gaishe ta ba, kuma aikinmu zama ne wuri ɗaya a ɓoye har dabba ta manta da kai. Nauyi bai dame ni ba sai a hanyar zuwa da ta dawowa. Naku aikin daban ne, ƙwallo ba ta zama. Taɓarya za ta kafe ki wuri ɗaya, duk inda kika ajiye ta a farkon wasa, nan za ki ga an tashi. Ki zaɓi wurin da kyau.

Sannan tana da wani hali da mai shago ba ya faɗa. Tana matse tazara. Abin da ke gaba da abin da ke can baya, sai ta manna su wuri ɗaya. Ina da hoton zalɓe tsaye a cikin bakin kada, duk baƙon da ya gani sai ya riƙe baki, alhali kadan yana wannan gaɓa, zalɓen yana kan tsibirin yashi can bayansa, ko sanin juna ba su yi ba. Saboda haka na ɗora wa kaina doka. Duk lokacin da na murɗa gilashi na jawo abu kusa na ɗauka, sai in sake shi nan take in ɗauki wani mai faɗi, wanda zai nuna ƙasa da ƙafafu da inuwa. Ina kiransa hoton shaida. Ba shi da kyau, ba mai sayensa, amma shi ke gaya mini abin da ya faru. Kuma ki bar idon hagu a buɗe.

Allah ya ba da sa'a. Ki goge gilashin da ƙyallen da ke ciki, ban da bakin gyale.

Kawunki

*

Kawu na kaina,

Da fatan kana lafiya, kafaɗa kuma da sauƙi. Mama lafiya. Tawa kafaɗar ce yanzu ke ciwo, na gaje ka tun kana raye, amma ko a jikina.

Buɗe jaridar da na haɗo maka. Shafin farko, daga sama har tsakiya, hotona ne, ga sunana a ƙasa. Ban taɓa hawa shafin farko ba sai da Taɓarya ta zo.

Bari in ba ka labari, tunda ba ka bin ƙwallo. Wanda ka ga hannunsa a dunƙule shi ne mai tsaron bayan baƙi, ana kiransa Katanga. Wanda ke faɗuwa da jini a fuska ɗan gaban 'yan gida ne, Guguwa, wanda duk garin nan ke ji da shi. An bugo kwana, aka yi tsalle, aka share ƙwallo zuwa tsakiyar fili. Alƙalin wasa ya bi ƙwallo, mai ɗaukar bidiyo ya bi ƙwallo, duk abokan aikina sun ruga sun bi ƙwallo. Ni kuwa ina kafe a bayan ɗaya ragar, can ƙarshen fili, don gaskiyarka, ba a gudu da wannan abu. Gilashi yana jawo a ƙarshensa, ina kallon gaban waccan raga, sai na ga mutum yana faɗuwa. Na danna na riƙe. Da na duba allon kyamara, ga naushi zaune daram a muƙamuƙi.

Guguwa yana asibiti, muƙamuƙin ya karye, an ɗaure masa baki da waya. Ya rubuta wa likita cewa bai tuna komai ba daga tsallen. Ba wanda ya ga abin sai ni. An dakatar da Katanga har kwamitin ladabtarwa ya zauna, kuma hotona ne hujja. Edita da kansa ya zo teburina ya ce aikina ya yi. Mazan nan biyu sun daina dariya.

Ka ce gilashin bai dace da ƙwallo ba, to ga amsa. Da gajeren gilashina ne, da mugu ya sha. Ina jiran tukuicin yabo daga bakin malamina.

Uwarka ta shafin farko

*

Uwata,

Takardarki ta iso tare da jarida. Ina lafiya, ki gaishe da mutanen gida. Ki riƙa gasa kafaɗar da ruwan ɗumi.

Na shimfiɗa jaridar a kan tebur a bakin taga, na daɗe ina kallo. Hoton ya fita. Amma ina da tambayoyi, ki amsa mini su kafin komai.

Ina hoton shaida? Wannan an yanke shi daga ƙugu, ba ƙafa, ba ciyawa, ba inuwa. Ban ga inda kowannensu yake tsaye ba.

Kin ce kin danna kin riƙe. Kin duba hotunan da suka zo kafin wannan da na bayansa, ko kuwa mafi kyau kika zaro kika miƙa?

Yatsun mai dunƙulen sun fita tsaf, har ina ganin zaren bandejin wuyan hannunsa. Fuskar mai faɗuwar kuwa ta ɗan yi laushi. Wataƙila motsi ne, wataƙila takardar jarida ce. Amma a wurina, in abu biyu suna taɓa juna, tare suke fita.

Ban ce yaron bai yi naushi ba, ba na wurin. Cewa nake daga ƙarshen fili zuwa ƙarshen fili, da Taɓarya a jawe, wannan hoton shi kaɗai bai isa a yanke wa mutum hukunci ba. Ki duba sauran kafin kwamiti ya zauna. Direba yana sauri don hadari ya haɗo, zan tsaya nan.

Kawunki

*

Kawu,

Muna lafiya. Ina fatan kai ma haka.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofar ofis, na juya bayanta ina neman inda ka ce barka, ban samu ba. “Hoton ya fita,” shi ke nan rabona. Na ji zafi, kuma gara in faɗa maka.

Mutum yana kwance a asibiti ana ba shi abinci ta bututu, kai kana neman inuwa. A filin ƙwallo ba a cewa 'yan wasa su dakata in saki gilashi in ɗauki na shaida. Wannan dokar ta mai zama ce a gindin bishiya yana jiran barewa ta gama kiwo. Abin da na gani da idona na ɗauka, kuma ba yau na fara riƙe kyamara ba. Duk garin nan sun ga naushi a hoton, edita ya gani, likita ya gani, sai kai da ko dokar satar gida ba ka sani ba.

Na san Taɓarya ta yi shekaru a hannunka ba ta hau shafin farko ba, sai ga shi ta hau a hannun yarinya a fitarta ta farko. In abin ya sosa maka rai, ka faɗa, in ba direba ya mayar maka da kayanka. Na saba da masu cewa sa'a ce kawai na taka. Ban zaci zan ji irin wannan daga gida ba.

'Yarka

*

Kawu,

Gaisuwa da ban girma. Da fatan kana lafiya. Mama tana gaishe ka, ba ta san abin da na rubuta maka a takardar baya ba, kuma don Allah kada ta sani. Ban ga amsarka ba, kuma ban ga laifinka ba. Ka yafe mini, bakina ya yi kaifi.

Katanga ya zo ofishinmu. Masu gadi sun hana shi hawa, sai ya zauna a kan dakalin bakin titi har na fito cin abincin rana. A fili ƙato ne, a kusa kuwa yaro ne da ko gemu bai gama fito masa ba. Na zaci zagi zan sha. Sai ya miƙe ya gaishe ni, ya kira ni Anti. Ya ce an jefi gidansu har an fasa taga, mahaifiyarsa ta daina zuwa kasuwa. Ya ce wata babbar ƙungiya ta kira shi gwaji a ƙarshen wata, kuma sun aiko cewa in aka same shi da laifi kada ya wahalar da kansa ya zo. Kwamiti kuwa maganar dakatarwar shekaru suke yi, ba watanni ba. Ya ce shi jini ya gani, ya juya yana yafito masu ba da agaji, yana nuna musu wanda ya faɗi.

Ya ce, “Anti, ni ma da na ga hoton sai da na yi shakkar kaina. Amma wallahi tsakanina da shi mota za ta wuce.”

Ban ci abincin ba. Na koma sama na buɗe hotunan duka, abin da ka ce in yi tun farko. A wanda ya zo kafin na jarida, hannun Katanga yana sama, a buɗe, bai sauko ba. Kan Guguwa kuwa ya riga ya karkace, ga jini a haɓarsa. A can gefe akwai ƙeyar wani mai riga irin ta Guguwa yana dafe da kai. A na bayansa kuma hannun ya wuce fuskar, fuskar ba ta motsa daga inda take ba.

Na kai wa edita. Ya duba, ya ce wannan bai tabbatar da komai ba, ana iya cewa naushi na biyu ne. Ya ce jarida ba ta janye shafin farko saboda mai laifi ya zo ya yi kalar tausayi a kan dakali, kuma hotunan mallakar jarida ne. In na kai su gaban kwamiti, in san cewa na gama zuwa bakin fili da katin gidan nan.

Ba ni da hoton shaida. Ban ɗauka ba, na karanta wancan sashen takardarka ina sauri in buɗe akwati. Ina roƙonka ka aiko mini da hoton zalɓe da kada, da mai faɗinsa, da 'yar takarda da hannunka da ke bayanin yadda gilashin ke yi. Kai an san sunanka, za su saurare ka. Ni yanzu wadda ta ce ta gani ce, ta dawo tana cewa ba ta gani ba.

'Yarka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum sai na biya ta tashar da motarku ke lodi, ba motar, ba direba, wanda na tambaya sai ya ce bai sani ba. Wannan ma wata motar da ta nufi wajenku zan ba.

Kwamiti zai zauna jibi. In fushi kake yi, ka yi shi da ni bayan an gama, na cancanta. Yaron nan bai yi maka komai ba. Jiya na hango mahaifiyarsa a ƙofar ofishin hukumar wasanni, tana zaune da jakarta a cinya, ba ta san ko ni wace ce ba, har ta matsa mini in zauna. Ban iya zama ba.

Na kasa cin abinci sosai. Mama ta zaci zazzaɓi ne. In na yi shiru, aikina yana nan, kuma ba wanda zai taɓa sani sai ni da kai da edita. Na faɗa maka wannan ne don ka san ya zo mini a rai, kuma ba sau ɗaya ba. Ban san abin da zan yi ba in takardarka ba ta zo ba.

'Yarka

*

Uwata,

Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki. Kogi ne ya cika ya cinye gadar katako, motar ta maƙale a wancan ƙetare, mu muna wannan. Sai yau aka haye da kaya a kwalekwale, aka miƙo mini takardunki uku a ɗaure tare. Na karanta su a jere, ta faɗan da ta neman gafarar da ta kukan. Kafin in gama jin haushin ta farko, ta biyu ta riga ta wanke shi.

Laifina ne da ban ce barka ba. Na tsorata ne, kuma in na tsorata sai maganata ta gajarce. Batun hassada kuwa, na yi dariya har kafaɗa ta amsa. Ni da nake ɗaukar dorina tana hamma, ina ni ina shafin farko.

Ga hoton zalɓen nan da na shaidarsa, ga takardar da kika nema. Amma bisa lissafina kwamiti ya riga ya zauna, kuma wannan ne ke cina. Tun da na karanta nake kai da komo a gaban ɗaki, masu gadin daji suna tambayata ko wani ne ya rasu. Ban san abin da kika yi ba. Ba zan ce miki da ni ne da na yi kaza ba, don ni ba a taɓa ɗora aikina a kan sikeli ɗaya da rayuwar ɗan wani ba. Dabbobina ba sa zuwa gaban kwamiti.

In kin yi shiru, har yanzu ana iya ɗaukaka ƙara, kuma zan fito da kaina ko da iyo ne. In kin yi magana, ki gaya mini abin da ya same ki. Ko wanne ne, ki rubuto da wannan motar, kada ki bar ni a haka.

Kawunki

*

Kawu,

Alhamdu lillahi da jin lafiyarka. Na zauna a kan buhun wani a tasha na karanta takardarka, na yi kuka a gaban 'yan lodi, ban damu ba. Mama lafiya, yanzu ta san komai, ta ce a gaya maka ka bar wannan daji ka dawo cikin mutane.

Saƙonka ya makara. Na je ba tare da shi ba.

Ɗakin kwamitin yana ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, dogon tebur da fanka mai ƙara. Jaridarmu tana shimfiɗe a gaban shugaban, tsohon alƙalin wasa ne mai furfura. An kira ni ne in tabbatar cewa ni na ɗauki hoton. Na tabbatar, sannan na ajiye na gabansa da na bayansa. Lauyan 'yan gida ya miƙe ya faɗi abin da edita ya faɗa, har ya tambaye ni ko wani ya gan ni a gefe. Na fara bayanin matse tazara, na ga idanunsu sun tafi wani wuri. Katanga yana can kusurwa ya sunkuyar da kai.

Sai na ce su taimaka su fito fili, ga shi nan a bayan ƙofa. Shugaban ya yi tsaki, amma ya tashi. Na saɓa Taɓarya na kai ta bayan raga, daidai inda na tsaya ranar, ramin da sandar ta yi a ƙasa ma yana nan. Na roƙi masu yankan ciyawa biyu su je gaban waccan raga. Na yi ta yi musu alama da hannu har ɗaya ya tsaya inda Guguwa ya faɗi, ɗayan ya matso gaba sosai ya miƙa hannu gefe. Na murɗa gilashi har ƙarshe, na ce wa shugaban bismillah.

Ya sa ido. Ya ɗago ya kalli fili. Ya sake sa ido. Sannan ya ce in riƙe masa tabaransa, ya taka da ƙafarsa har can, duk muna kallo, ya shiga tsakanin mutanen biyu ya buɗe hannuwansa, bai taɓa ko ɗaya ba. Da ya dawo sai ya sa kowane ɗan kwamiti ya leƙa, har lauyan. Bai ce mini sannu ba. Cewa ya yi, “Yarinya, kin san abin da kika kusa yi?” Na ce na sani.

Da aka koma ciki aka kira mai ƙeyar nan ta gefen hoto, abokin wasan Guguwa. Ya ce sun yi karo da Guguwa a sama, ya ji tsoron magoya baya ne ya yi shiru da ya ga an samu wanda za a ɗora wa. An wanke Katanga.

Edita ya cika alkawari. An karɓe katina na shiga fili, yanzu ni ke ɗaukar masu yanka ƙyalle a bikin buɗe ofisoshi. Gyaran da jarida ta buga yana can ciki, kusa da tallan magani, ko tafin hannu bai kai ba. Hoton farko kuwa har yau yana manne a shagon aski na layinmu, na roƙi mai shagon ya cire, ya ce shi ke jawo masa hira. Kullum ta nan nake wucewa.

Kan maganarmu ta farko, har yanzu ban yarda cewa Taɓarya ba ta dace da ƙwallo ba. Ita ce ta ga jinin kafin hannu ya sauko, ni ce ban duba ba. Amma ka yi gaskiya kan nauyi, da ina iya gudu da ita da na canza wuri na ga tazarar da idona. Zan riƙe ta tukuna in ka yarda, ina zuwa filin unguwa da yamma ina koyon sakin gilashi bayan kowace dannawa. Hannuna bai saba ba har yanzu.

Katanga ya tafi gwajin jiya da safe. Ban san ko za su ɗauke shi ba, ya yi makonni bai yi atisaye da kowa ba. Ya aiko a kira ni tasha, wai mahaifiyarsa tana son hotonsu tare kafin ya hau mota. Na je da gajeren gilashina. Ta gane ni, matar da ta matsa mini in zauna, ta kalle ni ta kawar da kai, ba ta amsa gaisuwata ba. Na ja da baya ina neman inda zan tsaya su shiga duka, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, “Anti, matso kusa ki ɗauka.”

Na matso har ina jin numfashin tsohuwar. Na ɗauka, sannan na sake ɗaukar wani mai faɗi. Ga kwafi ɗaya nan na haɗo maka, ka ga ƙafafunsu duka sun fito.

Uwarka